Kaskon Baba Direba

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo wai na bar ku a rataye, na ji ƙorafinku, ku yafe ni. Ke kuma da kika ce Auta ta cika sanyin jiki, in ba ta buɗe ido ba za ki shigo labarin ki buɗe mata da kanki, gyara zama, wannan shafin naki ne.

*

Tun daga bakin layi Auta ta hango bas ɗin makaranta a ƙofar gidansu, inda Baba ke ajiye ta tsakanin kai yara da safe da ɗauko su da yamma. Ta saba wucewa ta gefen motar ko kallo ba ta ishe ta ba, amma yau sai da ta tsaya. Madubin ɓangaren dama an naɗe shi da baƙin salatif. Ga kuma wani dogon karce da ya faro daga fitila ya bi jikin motar har ƙofar da yara ke shiga.

Ta sa yatsa ta bi karcen. Bai daɗe ba, ko tsatsa bai fara ba.

Baba ne fa, wanda ko kashin tsuntsu ya gani a jikin motar nan sai ya fito da tsumma. Iyayen yara roƙo suke yi a saka 'ya'yansu a motarsa, don duk daɗewarsa a kan sitiyari ko kaza bai taɓa bugewa ba. Ita kanta Auta abin da ya sa ta kai 'yarta Aku waccan makarantar ke nan duk da nisanta. Motar kakanta za ta shiga, uwa ta yi ɗinkinta hankali kwance.

Ta ture tunanin ta shiga gida, don ba shi ya kawo ta ba. Tana shago a kan keken ɗinki Baba ya kira ta, wai Mama ta gurɗe ƙafa wajen saukowa daga mota, ta zo ta zauna da ita kafin ya je ɗauko yara ya dawo. Rigar mutane ta bari a ƙarƙashin allura ta fito.

A kicin ta same su. Mama na kan kujera kusa da ƙofa, ƙafar a ɗaure da bandeji a kan ɗan benci, kofin shayi a hannunta. Baba na tsaye gaban tebur, ya naɗe hannun riga, fulawa har a gemunsa.

Auta ta gaishe su, ta duƙa ta duba ƙafar, sannan ta sauke faɗan da ta taho da shi a baki tun daga shago. Ita dai har yau ba ta ga abin da ya kai Mama bin motar 'yan makaranta safe da yamma ba. Matar da ko tasi ta shiga sai ta yi ta tsotsar lemon tsami saboda jiri, rana ɗaya ta tashi ta ce zaman gida ya ishe ta, za ta riƙa raka Malam. Watanni ke nan ana haka, yau ga abin da ya jawo.

Mama ta ce tsautsayi ne, a bar ta ta ji da abin da ke damunta. Auta ta ce to ta taso ta kai ta ɗaki ta miƙe. Mama ta ce ko kusa, nan take son zama, ƙamshin take so.

"Rabu da ita, Auta," in ji Baba yana dariya. "Na samu kwandasta kyauta za ki kore min ita."

Wannan burodin kasko, duk wanda ya tashi a gidan nan ya san shi kafin ya san sunan layinsu. Tun zamanin da Baba ke jan manyan motoci ya koya, a kan ɗan risho a gefen hanya, da wannan baƙin kaskon mai nauyin tsiya da har yau bai yarda kowa ya wanke masa da sabulu ba. Tsohon direban doguwar hanya ne, komai nasa biyu ne, daga tocila har makulli, amma kaskon nan ɗaya ne tal. Madara mai ɗumi, yis, sukari, ƙwai, fulawa, gishiri kaɗan, bota a ƙarshe. Ya yi ta murza har kwaɓin ya daina kama hannu ya yi laushi kamar kumatun jariri.

Guda bakwai yake yi, shida a kewaye, ɗaya a tsakiya. Na tsakiyar ya fi duka laushi, don 'yan'uwansa sun rufe shi ta ko'ina, kuma na Mama ne. Auta ta yi kuka a kansa tana ƙarama, ta yi fushi, ta yi yajin cin abinci, ba ta taɓa samu ba.

Yanzu ma kwaɓin ya riga ya tashi har ya ɗaga tawul ɗin da aka rufe shi da shi. Baba ya danna masa dunƙule, iska ta fita, ya juye shi a tebur. Sai ya tsaya yana dube-dube. Wuƙa yake nema, ga ta kuwa a ajiye daf da hannunsa na dama.

Ƙwas.

Zoben Mama ne ya bugi jikin kofi. Baba ya juya wuya dama, ya ɗauki wuƙar, ya ci gaba da ba Auta labarin wani yaro a motarsa da ya haɗiye murfin biro.

Auta ba ta kawo komai a ranta ba. Ta ɗauko tsintsiya ta share fulawar da ta zuba, ta ajiye, ta leƙa tukunya, ta rufe, ta koma ta gyara wa Mama benci. Ta kasa zama, ita kanta ba ta san dalili ba. Karcen nan ne ke ta yi mata yawo a kai.

Baba ya yanka kwaɓin bakwai, ya mulmula kowanne a ƙarƙashin tafin hannu har ya yi sumul. Ya shafe kaskon da mai ya fara jerawa. Ya sa na tsakiya, ya kewaye shi da biyar, ya kakkaɓe hannu ya kai wa murfi. Na bakwai na can gefen dama na tebur, shi kaɗai.

Ƙwas.

Wuyan Baba ya juya. "Kai, ɗan gudun hijira, zo nan." Ya ɗauke shi ya cusa a gurbinsa.

Wannan karon Auta ta kalli Mama. Mama kuwa shayinta take kallo, shayin da ya huce tun ɗazu ko kurɓa ba ta yi ba.

Auta ta matso kusa da tebur. Ta ɗauki tawul ɗin da ta san zai nema, ta zaga a hankali ta tsaya a damarsa, kafaɗarta ta kusa taɓa tasa. Ta miƙa masa ba ta ce uffan ba. Baba ya duba tebur, ya duba hagu, ya ɗaga murya yana fuskantar ƙofa.

"Auta, ina kika shiga ne? Kawo min tawul."

Ƙwas.

Ya juyo, ya gan ta a jikinsa, har sai da ya zabura. Nan take ya mayar da abin wasa, wai tafiyar kyanwa ta koya a gidan miji. Ya karɓi tawul ɗin ya naɗe murfin da shi, don kar gumi ya ɗiga a kan burodi, ya rufe kaskon. Ya ce bari ya je ya duba ruwan mota da baƙin mai kafin kwaɓin ya sake tashi.

Auta ta jira har ta ji ƙarar ƙofar waje. Ta janyo benci ta zauna a gaban Mama, gwiwa da gwiwa.

"Mama, mene ne tsakanin zobenki da wuyan Baba?"

"Wane irin zance ne wannan?"

"Kin buga, ya juya. Kin sake bugawa, ya juya. Ina tsaye a jikinsa yana kira na."

"Miƙo min man zafin nan, ƙafar ta fara zugi."

"Aku ta taɓa ce min Kaka tana yi wa Baba Direba kiɗa a mota. Na ce ta rufe min baki, surutunta ya yi yawa."

Mama ta kawar da kai.

"Mama, 'yata tana cikin motar nan kullum."

Kofin ya karkace a hannun Mama. Auta ta karɓe shi, Mama ta sake karɓewa, kamar in babu shi a hannunta wani abu zai faɗi. Sai ta fara magana ƙasa-ƙasa, idonta a ƙofa.

Watannin baya ne, wata safiya ya tashi da ciwon kai. Ta kawo masa abinci, ya cinye rabin faranti tas, ya bar ɗaya rabin ko taɓawa bai yi ba, ya ce yau rowa take ji ne ta zuba masa ɗan wannan? Ta ɗauka tsokana ce, sai da ta juya farantin ta ga yadda fuskarsa ta canza. Suka je asibiti su biyu, ba wanda ya sani. Likita ya ce idanun lafiyarsu ƙalau, hawan jini ne ya taɓa wani wuri a cikin kai. Duk abin da ke ɓangaren dama ya ɗauke masa. Abin da ya fi muni, ba duhu yake gani a wajen ba, bare ya san akwai abin da ya ɓace. Shi a ganinsa duniyar iyakarta ke nan. Ko ya juya wuya da kansa, sau da yawa juyin ba ya kaiwa.

Likita ya ce batun tuƙi ya ƙare. Baba ya yi masa godiya da ladabi, ya fito, ya buɗe mota ya shiga. Mama ta tsaya a bakin asibiti tana kallonsa, sannan ta zagaya ta hau kujerar da ke damarsa. Tun ranar ba ta sauka ba.

"In na buga ɗaya a jikin ƙofa, ya duba dama. In na buga biyu, birki."

Auta ta dafe kai da hannu biyu. Ta miƙe, ta je bakin taga, ta dawo.

"Karcen jikin motar fa?"

Mama ta sunkuyar da kai.

"Atishawa na yi."

"Me?"

"Atishawa ɗaya, Auta. Kafin in buɗe ido mun goge turken wuta."

"Da yara a ciki?"

"Da yara a ciki."

Ni kaina mai ba ku labarin nan sai da na ajiye waya na numfasa. Auta kuwa ta zuba wa Mama ido. Tausayin uwarta ya kama ta, tsohuwa mai jiri da ta yi watanni tana hana kanta ƙifta ido. Haushinta ma ya kama ta, har ba ta san wanne ya fi yawa ba.

Ta tambaya yau da babu kwandasta yaya za a yi. Mama ta ce ya ce hanyar a kansa take, zai tafi a hankali, zai riƙa juya wuya.

"Ƙofar da yara ke shiga a dama take, Mama. Masu tsallaka titi, masu gudu su riga 'yan'uwansu kujera, duk ta nan suke zuwa."

"Na sani."

"Bari in kira makaranta."

Mama ta cafke mata wuyan hannu da ƙarfin da Auta ba ta san tana da shi ba. Ta ce in ta kira, ta binne ubanta da ransa. Ta tuna mata da amininsa da suka yi tuƙi tare, wanda ya ajiye makulli ya koma zaman tabarma a ƙofar gida, bai shekara ba aka yi jana'izarsa. Ta ce mutumin nan bai san kansa da wani suna ba sai Baba Direba, a gari a faɗa wai yana jan yaran mutane da rabin ido, ina zai sa fuskarsa?

Sai ta fara murza zoben tana ƙoƙarin zare shi.

"Ki bi shi ke. Yau kaɗai, kafin ƙafar ta saki. Ba wuya, ki zauna a gaba, idonki a dama. Ɗaya, ya duba. Biyu..."

Auta ta riƙe yatsan, ta mayar da zoben inda yake.

"Ba zan koyi kiɗa da ran yaran mutane ba, Mama."

"Ubanki ne."

"Aku kuma jikarki ce."

Ƙofar waje ta yi ƙara. Mama ta goge ido da bakin mayafi da sauri, ta gyara riƙon kofi.

Baba ya shigo yana 'yar waƙarsa, ya ajiye makullin motar a tebur ta hagunsa, ya wanke hannu. Ya ɗaga murfi ya leƙa. Sun kumbura sun haɗe da juna, babu sauran wurin saka yatsa. Ya yaba musu kamar yaran da suka ci jarrabawa. Ya kunna gas ya rage wutar har ta koma shuɗin zare, ya ɗora tsohon faifan ƙarfen da yake sawa a ƙasa don kar gindin ya ƙone, sannan ya ɗora kaskon ya rufe.

Daga nan sai jira, kuma burodin kasko ba a yi masa gaggawa.

Auta ta wanke kwanon kwaɓi. Ta goge tebur. Ta sake goge shi. Ta ɗauki waya, ta ajiye, ta sake ɗauka. Ƙamshin madara da bota ya fara cika kicin ɗin, ƙamshin da tun tana yarinya in ta ji shi take sanin Baba ya dawo lafiya. Yau bai kwantar mata da hankali ba.

Ta fara da lallami. Ta ce me zai hana ya kira makaranta su nemo wani direban na yau, shi ya zauna da matarsa, ai ita ma tana da hakki. Baba ya ce su waɗannan yaran direbobin da ke tuƙi da waya a kunne? Ta ce to ya ce musu ba ya jin daɗi. Ya ce ƙarya bayan furfura? Ta ce gajiya ma ai ciwo ce. Ya ce shi bai gaji ba, in ita ta gaji ga ɗaki nan.

Ya ɗaga murfi, ya danna na tsakiya da yatsa, ya dawo masa. Ya kife babban faranti a bakin kaskon, ya juya su gaba ɗaya, gindin ya yi ja mai kyau. Ya zame su suka koma a kife don saman ma ya gasu.

Hankalinsa na kan kaskon Auta ta miƙa hannu ta ɗauke makullin. Ba ta sa shi a jaka ba. Ta ajiye shi a ƙarshen teburin ta dama, a fili, kusa da gwangwanin sukari. Mama na kallonta.

Da suka gasu ya kashe wuta, ya sake juyo su, ya sauke kaskon a tebur. Ya narka bota a ɗan kofi ya ɗauko buroshi. Sai yanzu Auta ta lura da wata sabuwar ɗabi'a da ba ta san shi da ita ba. Hannunsa na hagu ya tafi neman mariƙin kaskon, zai riƙa juya shi yana shafawa, kowanne ya zagayo ɓangaren da yake gani.

Ta riga shi. Ta naɗe mariƙin da tsumma ta riƙe gam.

"Bari in riƙe maka, Baba. Da zafi."

Ya janye hannunsa. Ya ce to, Allah ya yi albarka.

Ya shafa na farko, ya shafa na biyu, ya shafa na uku. Ya zo kan na tsakiya ya zuba masa fiye da kowa kamar yadda ya saba. Botar ta bi tsagin tana sheƙi. Ya ajiye buroshi.

"Shi ke nan. Sun yi kyau ko ba su yi ba?"

Auta ta kalli ukun da ke dama, a bushe, ko ɗigo bai same su ba. Ta kalli Mama. Yatsan Mama ya ɗaga a kan kofi, ya tsaya a sama.

"Saura uku, Baba."

"Uku ina?"

"A cikin kaskon."

Ya ja mariƙin zai juya, ta ƙi saki. Ya sake ja. Kaskon bai motsa ba. Kicin ɗin ya yi tsit, ba ka jin komai sai botar da ke ƙara a gindin ƙarfe.

A hankali Baba ya saki. Bai kalli Auta ba, bai kalli Mama ba.

"Ta faɗa miki."

"Ba ta faɗa ba. Kaskon ne ya faɗa."

"To kin ji. Sai me?"

"Sai ka zauna."

"Yara na can za su tsaya a rana."

"Gara su tsaya a rana, Baba."

"Ni kike faɗa wa haka? Ni na koya miki tsallaka titi."

"Kai ka koya min. Ka ce in duba hagu, in duba dama."

Maganar ta fita kafin ta auna ta. Ta ga yadda ta same shi, sai ta ji kamar ta mari kanta. Amma ba ta janye ba.

Baba ya sauke hannun rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɓalle maɓalli, ya kakkaɓe gemu. Ya ce tun kafin a haife ta yake kai mutane gida lafiya, kuma bai taɓa dawowa da jinin kowa a taya ba. Ya kai hannu inda ya ajiye makulli. Babu.

"Ina makullina?"

"Yana kan teburin nan."

"Auta."

"Wallahi yana kai. Ban ɓoye ba, ban rufe shi da komai ba."

Ya duba hagu. Ya duba gabansa. Ya ɗaga tawul, ya ɗaga faranti. Sannan ya juya wuya dama, a hankali, kamar mai tsallaka ruwan da bai san zurfinsa ba. Idonsa ya bi teburin, ya wuce kaskon, ya wuce kofin bota, ya tsaya. Tsakaninsa da makullin bai fi tafin hannu ba. Ya dawo da kansa.

Sai ya tsaya cak, ya ɗan karkata kunne ɓangaren ƙofa. Auta ta gane abin da yake jira, hawayen da take ta riƙewa suka zubo.

"Mutuniyar," ya ce a hankali.

Mama ta ƙanƙame kofin.

"Buga mana."

Mama ta kalli bayansa, ta kalli makullin, ta kalli Auta. Ta ajiye kofin a ƙasa. Ta murza zoben har ya fita, ta dunƙule shi a hannu ta cusa cikin zani.

"Ba zan buga ba, Malam."

"Ke ma?"

"Na gaji da tsoro. Kullum muka sauke yaron ƙarshe sai na ji kamar an sauke min dutse, da safe kuma a mayar min. Ka yafe min."

Baba ya daɗe a tsaye. Auta ta shirya wa faɗa, ta shirya wa tsawa, har ta shirya wa ya ce ta fice masa daga gida. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗauki ƙaramin faranti, ya sa yatsu ya zaro na tsakiyar, tururi na tashi, gefensa fari fat kamar auduga. Ya kai wa Mama har cinya.

"Ci da zafinsa."

Ya juya ya nufi ƙofa. Kafaɗarsa ta dama ta bugi katakon ƙofar, ya ɗan yi taga-taga, ya gyara ya fita.

Auta ta saki mariƙin kaskon, sai yanzu ta ji tafin hannunta na raɗaɗi. Ta ɗauki makullin ta damƙe. Ta ce a bar shi ya shiga ɗaki ya huce, ita za ta kira makaranta ta ce uzuri ya taso, sauran maganar a yi ta a cikin gida, ba sai duniya ta ji ba. Ta fara neman lambar.

Mama na riƙe da farantin, ba ta taɓa burodin ba. Ta ɗago kai tana saurare.

"Auta, ba ƙofar ɗaki na ji ba."

"Ƙila banɗaki ya shiga."

"Ubanki komai nasa biyu ne."

Kafin Auta ta gama fahimta, injin motar ya tashi a waje.

Wayar ta suɓuce ta faɗi. Ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta tsallake ƙafar Mama, ta bi tsakar gida da gudu, ta bangaje ƙofar waje. Motar ta riga ta fara gangarowa daga inda take fake, hancinta na karkatowa titi.

Ta sha gabanta ta kusurwar da ta fi kusa, ta ɗaga hannu tana kiran Baba. Gilasai a rufe, inji na ruri. Ta cikin gilashin gaba ta hango fuskarsa, a natse, hannu biyu a kan sitiyari, idonsa a kan hanya.

Bai ko ƙifta ba.

Tafin hannunta ya sauka a kan fitila, daidai inda karcen nan ya faro. Sai a lokacin ta gane a wane ɓangare take tsaye.

Makullin na cikin ɗaya hannun. Ta ɗaga shi ta buga a jikin ƙarfen da iya ƙarfinta.

Ƙwas.

Ta ɗaga hannu za ta buga na biyun, motar ta taho.